Na Zagi Kyanwa, Surukina Ya Bar Gida

Zuwa ga Uni Ratnawilis, mai Filin Shawara.

Assalamu alaikum. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ina jan kunnen duk uwar da ke karanta wannan shafi: idan mijin 'yarki yana ƙarƙashin rufinki, ki kama bakinki lokacin cin abinci. Ni mai faɗa miki haka, shekara ashirin ina koya wa matan unguwarmu ladabi, yau ga ni ina neman mai nuna mini hanya. Don Allah Uni ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana.

Shekaruna hamsin da shida, mijina ya rasu. Gidan da nake ciki na uwata ne, ita ma na uwarta, a wani ƙauye kusa da Payakumbuh. 'Ya ɗaya gare ni, bari in kira ta Yusnidar. Da ta yi aure mijinta ya tare a ɗakinta kamar yadda kowane miji yake yi a al'adarmu, don a wurinmu gida na mata ne, muna kiransa Sutan, sunan girman da danginsa suka ba shi ranar aure. Yana da rumfar abinci a birnin Pekanbaru, bara kasuwar ta mutu, ya dawo gida. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana shiga gonar shinkafata, shi ya gyara akurkin kaji. Amma ni an raine ni a kan namiji fita yake ya nemo. Duk sanda na gan shi a tsakar gida da hantsi sai raina ya ɓaci.

Ranar da abin ya faru, da azahar muna cin shinkafa da miyar kifi, ya miƙa hannu ya ƙara. Kin san mu, ba a yi wa suruki magana kai tsaye, sai an karkata. Kyanwarmu ta zo tana shafar ƙafata, na ɗaga ludayi na kai mata duka, na ce, "Tafi can, ci kawai kika iya. Ɓera ɗaya ba ki taɓa kamo mana ba." Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya wanke shi a hankali, ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi, Amak." Haka muke kiran uwa. Bayan la'asar ya fita da riga biyu da zanen sallarsa, bai dawo ba.

Yusnidar da cikinta wata bakwai ta yi ta kuka. Na ce mata ta share hawaye, yaji ne irin na maza, wanda muke cewa baganyi. So yake in aika yayana, kawunta, da ganyen siri, wanda muke taunawa kamar goro, a tasar tagulla a yi bikonsa gaban danginsa. Na rantse ba zan aika ba. Na ce mazan yanzu ba sa son gaskiya, kaɗan aka taɓa su sai su naɗe tabarma. Har na kafa misali da shi a wurin karatun mata, ban dai kama suna ba.

A zatona yana gidan uwarsa a ƙetaren kogi ana dafa masa. Ban tsaya na tuna uwar ta rasu ba, ɗakunan gidan biyu kuma ƙannensa mata ne a ciki da mazajensu. Ina namiji zai kwanta a nan? Ni da na kori ƙanena zuwa surau, ƙaramin masallacin dangi inda maza marasa ɗaki ke kwana, ranar da 'yata ta yi aure, ni ce zan ce ban sani ba?

Alhamis da ta wuce, kwanansa talatin da takwas da fita, karatun mata ya faɗo a surau ɗin unguwarsu. Muna zagayawa ta baya zuwa wurin alwala sai na ga zane mai ratsin kore rataye a ƙusa. Ni na saya masa shi lokacin aure. A ƙasansa tabarma ce a naɗe, kusa da ta wani tsoho da matarsa ta rasu, danginta suka karɓi ɗakinsu. Ina tsaye sai ga shi ya fito, ya rame. Ya sunkuya ya kai hannuna goshinsa, ya tambaye ni ya gwiwata. Wata mai baki a cikinmu, Etek Nurbaiti, ta ce, "Sutan, korarka aka yi ko kai ka gudu? Ko miyar gidan ce ta yi maka yaji?" Mata suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ce rufin surau ne ke yoyo, ya dawo kusa don ya gama gyaransa. Sai ya ƙara da cewa, "Amak ce ma ta ce in zo in taimaka." Uni, a nan matan suka hau sa mini albarka, wai irina ake nema a surukai. Na zauna karatu, ban san surar da aka karanta ba.

Tun ranar nake juya abin. Ni kowane fita yaji nake kiransa. Ashe akwai mai fita don a bi shi a lallashe shi. Akwai mai ja da baya don kada bakinsa ya mayar wa babba magana. Akwai kuma wanda mafaka ya nema, don duk duniya ba shi da ɗakin da zai kira nasa. Yaron nan biyun ƙarshe ya yi, ni kuwa na tsaya a kan na farko saboda shi ne ya wanke ni.

Na je wurin yayana, Uda Shafril, na ce ya je ya dawo da shi. Ya ce zai je, amma ba zai zauna gaban kawunnan mutum yana ba da haƙuri a kan abin da bai sani ba, me aka yi masa? Na ce shi dai mai saurin fushi ne. Ya dube ni ya ce, "Ke da na sani tun kina zagin tukunya idan Amak ta ɓata miki rai? Wannan karon wa kika zaga, kaza?" Na tashi na bar masa gidan.

Yusnidar ba ta yi mini rashin kunya, amma kullum sai ta jera kwano uku, sannan ta ɗauke ɗaya. Watan gobe za ta haihu. Wa zai yi wa jaririn kiran salla a kunne? Tambayata, ba yadda za a yi ya dawo a asirce, ita ta kira shi a waya, ba tare da na buɗe bakina gaban yayana ba? Na dai kafa doka a gidana: daga yau ba mai yi wa kyanwa, ko kaza, ko tukunya magana muddin akwai ɗan Adam zaune a wurin.

Daga Uwa Mai Jin Kunya, Payakumbuh.

AMSA

Wa alaikumus salam, Uwa. Na gode da kika rubuto, don ba kowa ke iya faɗin laifinsa filla-filla haka ba.

Amsar tambayarki, a'a. Idan ya dawo da kiran waya, ya shigo ta ƙofar baya ke nan, kuma duk lomar da zai ɗauka zai riƙa sauraron ludayinki. Gaban idon matarsa kika kunyata shi, gaban mata shi ya rufa miki asiri. Abin da ya dace da wannan shi ne biko cikakke, da kawu, da siri, da tasa.

Ki koma wurin Uda Shafril kafin Juma'a, ki faɗa masa kalmomin yadda kika faɗe su. Ai ya riga ya gane, jira yake ya ji daga bakinki. Ba dole ya maimaita su gaban dangin Sutan ba, ya isa ya ce kuskuren daga gidanku ne. Kafin nan ki zauna da Yusnidar ki ba ta haƙuri. A duk wasiƙarki ban ga inda kika tambaye ta abin da take so ba, alhali aurenta ne.

Shi ma Sutan ba na wanke shi tas. Kwana talatin da takwas ya yi yawa ga mai mata da tsohon ciki, da ya kai kukansa wurin kawunta tun makon farko. Amma wannan maganar ta yayanki ce, ya faɗa masa su biyu. Ke kada ki taɓa ta. Damuwarki a kan sana'arsa ma ba laifi ba ce, kowace uwa tana so ta ga 'yarta a wadace. Ki bar wa maza su zauna su duba ko gona zai riƙe ko kasuwa zai koma.

Dokarki ta yi kyau, sai dai kyanwa kaɗai ta kare. Ki ƙara mata wannan: ranar da ya dawo, ke da hannunki za ki zuba masa shinkafa, idan ya cinye ki ƙara masa ba tare da ya miƙa hannu ba, ki ce, "Ka yafe mini, Sutan." Kai tsaye, ba karkatawa. Sau ɗaya ya isa.

Allah ya sauki Yusnidar lafiya, ya sa muryar ubansa ce jaririn zai fara ji.

Uni Ratnawilis