Ranar da Harisu Ya Sa wa Ruwa

Tashar Ƙanƙara, Janairu 1975

Yaya Maharazu,

Gaisuwa mai yawa, a gaishe da Baba da Inna. Gwamnati ta turo ni karatun yanayi, ga ni a ƙarshen duniya ta kudu, mu goma sha biyu cikin gidan katako. Wata biyu rana ba ta faɗi ba, da agogo nake sallah. Akwai wasu tsuntsaye a nan masu taƙama kamar sababbin alhazai. Kullum muna sakin balan-balan mu auna sama, kuma ba yabon kai ba, yanzu sararin Allah a tafin hannuna yake. Ka gaya wa Baba ruwan shuka zai sauka goma ga Mayu. Jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, sai baɗi ke nan.

Ƙaninka, Harisu

Ruwan Godiya, Oktoba 1975

Harisu,

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Baba ya ɗauki takardarka da kanshi ya kai ƙofar masallaci, ya sa na karanta da ƙarfi. Gida bakwai suka yi binne bisa maganarka, suka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun kwana uku kafin ranar. Aka yi yayyafi, irin ya tsiro, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin. Duk ya ƙone. Baba ya buɗe rumbu ya raba masu irin da muka ajiye, mu muka shuka rabin gona. Ba wanda ya zage shi, ai da sun zage shi da ya fi sauƙi. Halan na'urarku ce ta lalace?

Yayanka, Maharazu

Tashar Ƙanƙara, Janairu 1976

Yaya,

Ina gaisuwa. Na'ura lafiyarta lau, ni ne maƙaryaci. Sanyin nan take aunawa, ba ta san inda ƙasarmu ta Faskari take ba. Ni ma ɗan koyo ne, yawancin aikina sarar ƙanƙara da shebur, in zuba a tanki ta narke mu sha. Ranar ruwan nan daga kaina na ƙago ta, don a ce ɗan Malam Gide ya zama wani abu. Kunya ta hana ni cin abinci tare da mutane. Don Allah ka karanta wannan a inda ka karanta waccan, kowa ya ji. Ka roƙar mini gafarar Baba.

Harisu

Ruwan Godiya, Afrilu 1976

Harisu,

Na karanta wa Baba takardarka sau biyu. Ya ce ba za a kai ta masallaci ba. Ya ce kai gida ka aiko wa takarda, shi ya fita da ita don a san ɗan wane ne, saboda haka kunyar tashi ce. Tun bara a sahun baya yake sallah. Ya ce in tambaye ka ko rigar sanyinka tana isarka.

Allah ya maido ka lafiya.

Maharazu