Na Je da Zarena

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Yau ma na zubar da shayi a zane. Na ce wa jikata A'ishatu kofin ne ya yi zafi. Ta dubi kofin, ta dube ni, ja'ira. Cikinta ya tsufa, tafiya take kamar agwagwa. Na faɗa mata haka, ta ce ai gado ta yi.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba sai wannan kaye da nake rubutu a ciki: hannuna rawa yake. Tun bara, da motar ɗana Illa ta kife a hanyar Kurni. Shi ya fito lafiya, har ya koma ɗaukar fasinja. Ni ce ban fito daga motar nan ba. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Mota ta yi oda a ƙofa, ƙirjina ya kama daka.

Ni Badariyya, da na huda kunnen rabin matan unguwar nan da allura da baƙin zare. Ƴaƴana da jikokina mata duk hannuna ne. In A'ishatu ta haifi mace fa?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ji su ta bayan zana, A'ishatu da mijinta Hashimu. Wai in mace ce a kai ta wurin mai ƴar bindigar huji a kasuwa, kar a wahalar da Inna. Bindiga, a kunnen tattaɓa kunnena. Na yi tari don su san zana ba bango ba ce.

Asabar, 11 ga Oktoba

A'ishatu ta zo da labari. Akwai wata likita da ke zuwa asibitinmu daga Damagaram duk Talata, a ƙasar Sin ta yi karatu. Allura take tsittsira wa mutum don faɗuwar gaba da rashin barci, har a kunne. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Na ce zan je, amma don in ga wadda ta shigo mini sana'a ba sallama.

Talata, 14 ga Oktoba

Na je. Tunda an ce kunne, na ƙulle baƙin zarena da man kaɗe a bakin zane, don ban yarda da zaren kowa ba. Likitar yarinya ce, Halimatu Sadiya, sa'ar autata. Da na kwance mata kayana a tebur ta tambayi na mene ne. Na ce in ta huda, da me za a riƙe hujin kar ya toshe? Ta yi ta dariya har ta dafa kujera. Ashe ba a fasawa. Allurar siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, a fata take tsayawa, in an jima a cire. Ba pikir ba ce irin ta asibiti, ba ruwan magani a ciki. Na ce to allura ba zare ba magani, aikin me take yi?

Ta fara auna mini tansiyo, ta ce jinina ya ɗan hau, in rage goro da shayi, in ci gaba da shan ƙwayar da aka rubuta mini. Sannan ta kwantar da ni. Ta ce in ba ta labarin hujin farko da na yi. Ina cikin ba ta labarin ƴar maƙwabta da ta yi mini fitsari a cinya, sai ta ce an gama. Kunne, goshi, hannu, duk an kafe ni kamar bushiya, ban ji ba.

Dabarata ce fa. Haka nake ɗauke hankalin uwar jaririya da surutu.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ba abin da ya sake. Zaren ma na manta shi can.

Talata, 21 ga Oktoba

Na koma karɓo zarena. Tunda na je, sai na kwanta.

Barci ya sace ni da allurai a jiki. A'ishatu ta rantse na yi minshari har mai shara ta leƙo. Ƙarya take, tunani nake yi da ƙarfi.

Da na farka likita ta tambaye ni abin da nake gani in waya ta yi ƙara. Ban san lokacin da na ce ina ganin Illa a cikin likkafani ba. Ban taɓa furta shi ba. Na yi kuka kaɗan, na ce allurar ce ta taɓo jijiyar hawaye. Ta ce, “Haka ne, Inna, akwai ta.” Yarinyar nan ta iya ƙarya mai ladabi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Illa ya kawo mini rake. Na riƙe shi da hira, na gaya masa abin da na gaya wa likita. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun bara. Na ce don kar kansa ya ƙara girma, hula ta riga ta yi masa kaɗan. Yanzu wai duk tashar da ya sauka zai kira ni. Na ce wayar ce fa ke kashe ni, sakarai. Ya ce to sai ta yi ta ƙara da labarin alheri har in saba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yau ma likita ta tsittsira mini allura. Na gwada zura zare a gida, ya shiga bayan na zagi allurar. Na huda ganyen kuka, na huda tsohon takalmin Hashimu. Bai sani ba tukuna.

Ko allurar ƴan Sin ce, ko kwanciyar da nake yi ba mai kirana, ko bakina da na buɗe, oho. Na tambayi likita, ta ce ita ma ba za ta rantse a kan guda ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

A'ishatu ta sauka. Mace. Kunnuwa kamar na ubanta, akwai filin aiki.

Laraba, 19 ga Nuwamba

An raɗa mata Fadima. Da mata suka ragu A'ishatu ta miƙo mini ita. Na ce ina mai bindigar? Ta ce, “Inna, ke kika huda ni.”

Na dafa allura da zare, na wanke hannu, na murza fatar kunnen da man kaɗe. Na kama ba A'ishatu labarin wata tsohuwa da ta kai wa likita zare. Tana dariya na yi bisimilla na wuce dama. Kafin ta share hawaye na wuce hagu. Fadima ta tsala ihu, ta kama nono, ta manta da ni.

Sai da na ƙulle zaren Hashimu ya ce waya ta yi ta ƙara a ƙarƙashin cinyata, Illa ne daga tasha. Ban ji ba. Tsufa ne, kunne ya fara nauyi.

Talata zan koma wurin likita. Ba don komai ba, yarinyar nan ba ta da mai ba ta labari.