Inda Zaren Baba Ya Karkace

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya idon Baba? Ana dai ɗiga masa maganin ko?

Yaya, ƙaninki ya samu aiki, sai ki daina ce mini ɗan zaman kashe wando. Tafinta nake a wata masana'antar huluna a Panyu, tsakanin mai kamfanin, wanda muke ce wa Lawban, da 'yan kasuwarmu na Kano. Yawancin ma'aikatan ƙauyawa ne da suka baro gida, baƙi ne kamata. Wata dattijuwa 'yar unguwar ta nuna mini inda gonarsu take a da, yanzu injuna ne ke ruri a wurin.

Ki faɗa wa Baba har Caina an san hannunsa. Lawban ya ga hular da ya ɗinka mini, ya yi ta jujjuya ta, ya ce in ara masa zuwa gobe. Na sha shayinsa, ga shi ubangidana, da wane baki zan ce a'a? Ya dawo mini da ita tsaf.

Ki gaida Inna. Ƙaninki,
Tankari

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni dai jikina ƙalau, zuciyar ce babu daɗi.

Yaya, an yi ɓarna. Jiya na shiga kasuwar Shahe, sai ga hular Baba dila-dila, har rufi. Ashe aron nan kwamfuta aka kai wa ta kwafe ɗinkin. Wallahi har wurin nan na ƙeya inda zaren ya karkace, wanda ni da ke da Inna muka gani muka yi gum don kada Baba ya san idonsa ya fara gazawa, injin bai bari ba. Ya ɗauka ado ne.

Na je wa Lawban a fusace. Mutumin nan dariya ya yi, wai ya zaci murna zan yi, ya ƙara mini shayi! Kwantenoni kuwa tuni sun hau ruwa sun nufo gida.

Kin san Baba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce ba a taɓa kama allurarsa da kuskure ba. Don girman Allah ku yi yadda za ku yi, kada hular nan ta shiga hannunsa.

Naki,
Tankari

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Inna, yaya haƙuri? Saƙonki ya iso.

Ban ga laifin maƙwabcinmu Ƙasimu ba, shi burge Baba ya so yi da ya kai masa ita. Amma da kika ce Baba ya bi ta da yatsu har ya tsaya a ƙeya, bai tambayi 'yan Caina ba, bai tambaye ni ba, sai ya tambaya tun yaushe muka sani, Yaya, sai na ture abincin da ke gabana. Wai har ya rabar da alluransa, ya ce a daina shimfiɗa masa tabarmar ɗinki a zaure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wata kuma. Wani Alhaji Barmo ya zo sari daga kasuwar Kwari ta Kano, ya lura da karkacewar, ya ce in gaya wa Lawban a gyara. Aikina ne, da bakina na faɗa. Mai kula da kwamfutar ta ɗan danna wani abu, shi ke nan. Sababbin suka fito sumul, babu aibi ko kaɗan. Na ɗauki ɗaya na shafa ƙeyar, na rasa Baba a jikinta. Sai na shige bayan kwalaye na yi ta kuka. Ni da na so kuskuren nan ya ɓace daga duniya, yau nema nake in gan shi.

Ki durƙusa ki gaishe mini da shi. In ya amsa, ki sanar da ni. In bai amsa ba, kada ki ɓoye mini, ɓoyon ya isa haka.

Ƙaninki,
Tankari