Turancin da Ya Rage Mini

Garin Isa, daren Laraba, watan Safar

Tun da suka cire ni daga aikin tafinta suka sa ɗan hakimi, ba wanda ya sake tunawa da ni. Sai yau da masassara ta kwantar da shi, ga Di'o, Baturen mulki, ya zo ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Dogari ya iske ni a gona: "Malam Bawa, taso, bakinka ake nema."

Na bi shi. Ni za ni gaya wa mutanen ƙauyen Tozai za a raba su da ɗiyansu ana tsakar girbi?

Bature ya yi ta zuba, ban kama komai ba. Ba abin da ya zo mini sai kalmomin da aka cusa mana da bulala a makarantar Sakkwato: light haske, night dare, fight faɗa.

Hakimi ya ce, "Mi ya ce, Malam?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban ji ba."

Aka sallame ni, aka kira masinja ya fassara. Alhamdu lillahi, ba da bakina aka yi ba. Har tuwo na ƙara da dare.

Amma Turancin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa ya tafi.