Dokar da na kawo ta sa ana rage wa yarinya kunu

Salamu alaikum mutanen wannan zaure, Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Muna da 'yar ƙungiyarmu ta mata a Gusau, muna haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, muna raba wa iyayen yara masu tamowa har Tsafe da Bungudu. Ba mu da wani babba a bayanmu, manoma ne ke ba mu dami da kaka, 'yan kasuwa su ƙara da abin da ya sawwaƙa. To bana kowa ta kansa yake yi, wanda ya saba aiko da buhu sai ya aiko da tiya biyu da ban haƙuri, wasu ma ba su samu shiga gonakinsu ba. Tsafe kam mun daina zuwa saboda kuɗin mota.

Da muka ga hatsi ya ja baya, ni da bakina na ce a mitin, yaron da aka auna damtsensa tef ɗin awo ya nuna ja, wato tamowarsa ta yi tsanani, shi kaɗai za a ba, wanda ya fita daga ja a sallame shi. Har yaba min aka yi wai na yi hangen nesa, ni kuma ina ta hura hanci.

Ranar Talata a ƙauyen Furfuri na auna wata yarinya, Hafsatu, wata biyu muna ba ta gari amma tana nan a ja. Kakarta Inna Dije ke riƙonta ita da 'yan uwanta uku tun rasuwar ubansu. Na ja tsohuwar gefe na wanke ta tas, har na ce ko sayar da garin take yi. Ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, ko cokali ban saida ba. Amma in ta hita ja, mi sauran za su sha? Garin ga shi ka riƙe da mu duka." Ashe in awo ya matso sai ta rage wa yarinyar kunu ta ba sauran, kuma ta ce ba ita kaɗai ke yin haka ba.

Wallahi tun ranar na tsani kaina. Na gaya wa shugabarmu, ta ce a soke sunan gidan ya zama izina ga saura. Muka yi sa-in-sa, har ta ce in na fi ta tausayi in ciyar da su daga tukunyata, alhali ta san ni ma maleji nake yi. In aka cire su Hafsatu ba za ta kai kaka ba, ni na riƙe hannun nan na sani. In kuma aka janye dokar aka ba kowa, garin ba zai yi mana sati uku ba.

Talata mai zuwa zan koma awo, kuma shugaba ta ce kada in dawo da sunan a littafi. Jama'a ya zan yi? In soke sunanta, ko in ci gaba da miƙa garin ina sane da cewa yunwar yarinyar nan ce ke ciyar da gidan?