Waƙarki Ta Kai Yadi Tara

Jikata,

Bayan gaisuwa, na tafi asibiti a duba mini ido, ban so in tashe ki ba.

Ina neman afuwa game da takardar waƙar da ɗalibanki za su rera yau. Jiya kin koka cewa layin ƙarshe yana tsallakawa shafi na biyu, shi ya sa na zauna gaban kwamfutarki domin in taimaka. A wajen da kike rubuta haruffan, na tarar da wasu alamomi masu kama da ƙugiyoyi suna reto a bakin layuka kamar zaren da ba a yanke ba. Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa sallamar aiki haka ba, don haka na goge su.

Kwamfutar ta cika da jan rubutu. Kakarki ta leƙo ta ce, "Malam, zaginka take yi."

Na mayar da ƙugiyoyin inda suka fi kyau, sai waƙar ta fito shafi talatin. Na buga su, na haɗe su gefe da gefe a keken ɗinki.

Ki sa yaran su riƙa takawa suna rerawa, daga hagu zuwa dama.

Kakanki