Kantar da Ba Baba Ya Kafa Ba

Duluth, Minnesota

Yaya Marlys,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da maigida kuna lafiya. Mu nan kalau, sai sanyi da masu kyamara.

Tun kaka suke gidan, suna ɗaukar shirin nan na rayuwar iyalin wadanni. 'Yarki Junie ce ta nace. Ta ce gara a kalle mu a talabijin a ƙoshi, ko a rage bin mu da ido a kasuwa. Na kasa musa mata.

Matsalarsu ɗaya: ba ma shan wahala. Ni ina zuwa aiki laburare, matata Dorinda tana koyar da lissafi, da safe mu yi gardama kan wanda zai kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Mai shirya shirin, wata doguwa Paige, ta zagaya kicin ɗinmu, ta buge gwiwa da murhu, ta ce, "Lowell, komai a nan daidai hannunku yake. To me mutane za su kalla?" Na ce su kalli gwiwarta. Ba ta yi dariya ba.

Ranar Laraba za a fara nunawa. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Lowell

Fargo

Lowell,

Ina gaishe ku duka. Na kalli shirin. Sumarka ta yi kyau, ban san da sauranta haka ba.

Amma wace kanta ce wannan a saman taga? Na ga ka hau kujera kana lalubar gwangwanin kofi, an sa kiɗa mai ban tausayi. Maƙwabciyata har da hawaye.

A gidan nan da kake ciki na girma. Kana ƙarami ka faɗo daga kujera, Baba ya ɗauko zarto ya sauke murhu da wurin wanke-wanke da makunnin fitila. Ya ce a waje ka hau abin da za ka hau, amma ban da cikin gida. Mama kuwa, da tsayinta, har ta rasu a durƙushe take wanke kwanuka a kan matashin nan mai furanni. Ba ta taɓa gaya maka gwiwarta na ciwo ba. Ni take gaya wa.

Ka gaida Dorinda.

Yayarki, a'a, yayarka,
Marlys

Yaya Marlys,

Na samu takardarki, kuma na gode da gyaran da kika yi a ƙarshe. Allah ya sa kina lafiya.

Paige ce ta kawo kafinta ya kafa kantar. Na hau, na sauko, na sake hawa, har fuskata ta nuna irin wahalar da ake so. Gwangwanin ma ba komai a ciki, kofin yana ƙasa inda yake kullum.

Mako mai zuwa Junie suke so ta hau. Na ce a'a. Paige ta ce in babu kanta babu shiri. Junie ta ce, "Haba Baba, kujera ce fa, ba dutse ba. Kai ma ai ka hau." Ki sani, yanzu a makaranta sunanta suke kira, da kuwa nuna ta suke yi da yatsa. Dorinda ta ce gidan ubana ne, in yanke shawara.

Maganar gwiwar Mama ban sani ba.

Ƙanenki,
Lowell

Lowell,

Gaisuwa. In shawara kake nema, ba ni da ita. 'Yarka ce. Ni dai kicin na sani.

Marlys

Yaya,

Ina gaisuwa. Kanta ta sauko. Ni na cire ta, kuma sai da na hau kujera, ba kyamara, ba kiɗa. Masu shirin sun koma wani gida a Ohio, an ce can har firij ma dogo ne.

Junie ba ta yi mini magana tun ranar, amma ita ta riƙe mini kujerar.

Ku zo Kirsimeti. Matashin Mama yana nan ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ba sai kin taɓa shi ba, ni zan wanke.

Ƙanenki,
Lowell